Jaket ɗin Baba da takardar yanka

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma maimakon jigo da salo da muka saba tattaunawa, maganar ɗinki na kawo muku. Ku yi haƙuri ku biyo ni.

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi cikin Disamba ko Janairu ya san abin da sanyin asuba ke yi wa mutum, musamman wanda zai hau babur. Mahaifina manomi ne. Da damina masara da waken suya da ɗan abin da ya rage na auduga, da rani kuma lambu a fadama. Yana idar da sallar asuba zai ɗaura buhu a bayan babur ya kama hanya, iska tana dukan ƙirjinsa har ya isa. Kowace shekara sai an saya masa jaket na gwanjo, kowace shekara kuma da ƙorafin da zai yi. Wani zif ɗinsa ya mutu kafin wata guda, wani ya matse shi a kafaɗa, wani kuma lafiyarsa lau amma ga hoton ƙwarangwal a baya, ya ce shi ba zai shiga masallaci da wannan ba. Bara na ce ni zan ɗinka masa. Ina da keken Butterfly, na iya riga da siket da kayan yara, amma ban taɓa ɗinka kayan maza mai shafi da kwala ba. Sai na sayi takardar yanka ta intanet, irin wadda teloli masu boko ke kira fatan, wato zanen kowane ɓangare na rigar a kan takarda, a ɗora bisa yadi a bi layi da almakashi.

Daga wannan aikin na fito da ra'ayin da nake so mu yi gardama a kai. Telolinmu da ke raina takardar yanka suna yi wa kansu asara. Mu 'yan boko kuma da muke ɗaukarta kamar wahayi muna yi wa yadi asara. Takardar tana kai mutum rabin hanya, sauran rabin sai da jikin mai rigar a tsaye a gabanka.

Abin da ban tambayi kaina ba da farko shi ne, jikin wa aka auna aka zana wannan takarda? Wani tela a Amurka mai suna Ebenezer Butterick ne ya fara sayar da takardun yanka masu girma daban-daban a 1863, kuma da kayan maza da na yara maza ya soma. A daidai lokacin ana yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, ana ɗinka wa sojoji kaki da yawan gaske, kuma daga awon da aka tara na waɗannan sojoji aka gane cewa in an san faɗin ƙirjin namiji ana iya kintatar sauran. Lambobin da muke gani a wuyan kwat asalinsu ke nan. Kun ga kuwa mutumin da ke cikin takardar miƙaƙƙe ne, kafaɗunsa a daidaice, hannuwansa a sake a gefe, singileti da 'yar shat kawai ke ƙarƙashin jaket ɗinsa. Baba ya shekara fiye da arba'in a duƙe kan fartanya. Bayansa ya ɗan ranƙwafa, kafaɗunsa sun karkato gaba, ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma a kan jamfa zai ɗora jaket ɗin, wani lokaci har da suwaita a ciki.

Kafin ma in kai ga jikin Baba, takardar ta fara kayar da ni a shagon kwamfuta. Irin wannan fatan yana zuwa ne a shafuka da yawa, a buga su, a jera, a manna da gam su zama babban faifai ɗaya. A shafin farko akwai ɗan murabba'i da aka rubuta cewa dole ya fito santimita 10 kowane gefe. Ban auna ba. Takardar Amurkawa faɗinta santimita 21.6 ne, tsawonta 27.9, tamu ta A4 kuwa 21 ce da 29.7, shi kuma yaron shagon ya danna wurin da ke sa kwamfuta ta matse zane ya shiga shafi. Da na auna daga baya, murabba'in bai kai tara da rabi ba. A ido ba komai ba ne. Amma a ƙirjin da ya haura santimita ɗari an ci kusan shida ke nan, an kuma ci a hannu, an ci a wuya. Laifina ne, ba na yaron ba, don an rubuta gargaɗin ɓaro-ɓaro, ni ce na tsallake saboda doki.

Da wannan gurguwar takarda na yanka yadin kaki mai kauri da na aika aka sayo mini daga Kantin Kwari. Ban wanke shi ba, alhali yadin auduga yana tsukewa a wankin farko. Kwana tara ina fama. Ranar da Baba ya gwada, hannu ɗaya ya shiga, na biyun ya tsaya a gwiwar hannu. Bai ce komai ba sai "Allah ya yi miki albarka", ya cire ya ninke ya miƙo mini. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na kwashi kayan na tafi Funtuwa wurin kawuna, wanda ya tsufa a kan keke. Ya juya rigar ciki da waje, ya ja hammatar, ya dube ni.

"Ɗiyar nan, wa ya ce ki sa almakashi a yadi mai tsada ba ki gwada ba?"

Na ce, "Kawu, ai takardar ta ce lamba arba'in da biyu ce daidai da shi."

Ya ce, "Takardar ta taɓa ganin mahaifinki?"

Abin da ya sa ni yi, ashe shi ne abin da masu ɗinkin kwat ke yi a ko'ina a duniya, kuma har a bayanin da ya zo da takardar an faɗa, a wani shafi da ban karanta ba. A sake buga takardar daidai, a yanka ta a yadi mai arha, akoko ko tsohon zanen gado, a harhaɗa da manyan ɗinki ba shafi ba aljihu, a sa wa mai rigar a kan kayan da zai riƙa sawa a ciki, sannan a tsaya a karanta. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, karatu. Ya ce yadi ba ya ƙarya. In ka ga layin tattara ya miƙe a kwance, wurin ya matse. In ya sauko a tsaye, yadi ya yi yawa. In ya karkace, bi shi da ido, zai nuna maka ƙashin da ya hana shi zama.

A jikin Baba abin da muka karanta ya ba ni mamaki, kuma a nan nake so in daɗe, don a nan hujjata take. Bayan rigar ya ɗage sama, gaba ya zubo, saboda ranƙwafawar baya tana cin tsawo. Kawu ya tsaga akokon a kwance daidai allon kafaɗa, ya buɗa shi kamar yatsa biyu, ya cusa ƙyalle ya kafe da fil, nan take gindin rigar ya daidaita. Ɗinkin kafaɗa ya koma baya, sai da muka matso da shi gaba. Kafaɗar dama muka rage mata kaɗan. Sannan ya ce Baba ya zauna kan benci ya miƙa hannuwa kamar ya riƙe kan babur. Baya ya ɗaure tamau. Ni a tunanina a zurfafa hammata a ba shi wuri. Kawu ya ce kul, in ka zurfafa hammatar jaket, duk sanda mutum ya ɗaga hannu rigar gaba ɗaya za ta biyo shi. Hammata a sama take so, kusa da jiki, faɗin kuma a ƙara shi a baya. Muka sa ninki ɗaya a tsakiyar baya wanda ke buɗewa in an miƙa hannu, ya kuma ƙara ɗan ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da ake sa wa jamfa a hammata. Wannan babu shi a takardar, daga ɗinkinmu na gida ya ɗauko.

Gyaran da ya fi kowanne muhimmanci Baba ne ya kawo shi da kansa. Ya yi ƙoƙarin naɗe hannun rigar, ya tsaya a tsintsiyar hannu. Ya ce, "To, da alwala fa?" Wanda ya zana takardar ya tsuke bakin hannu don kada iska ta shiga, kuma yana da gaskiya a ƙasarsu. Amma mutumin da zai wanke hannu har gwiwa sau biyar a yini, biyu daga ciki a lokacin da sanyi ya fi tsanani, in hannun rigarsa bai naɗuwa sai ya tuɓe ta a bakin rijiya. Duk jaket ɗin gwanjon da aka taɓa saya masa haka yake fama da su, bai taɓa faɗa ba don bai ɗauka abu ne mai gyaruwa ba. Muka faɗaɗa hannun daga gwiwa zuwa ƙasa, muka tsaga bakinsa muka sa maɓalli biyu, in ya hau babur ya ɓalle ya tsuke, in zai yi alwala ya buɗe. Muka tsaga gefe da gefe kamar na kaftani don zaman tahiya. Aljihu kuma ya ce a zurfafa na ciki, carbi da waya da goro duk nan suke zama.

Mai karatu zai iya cewa, to ai ga shi Kawu ne ya yi aikin, mene ne amfanin takardar? Shi ma Kawun haka ya ce. A cewarsa su ido ne da alli da tef, shekara nawa suna yanka ba su nemi takardar Bature ba. Ban raina wannan magana ba, don na ga idon yana aiki. Sai dai akwai dalilin da ya sa ido ke isa a kayanmu. Tufafin Bahaushe sun taso ne daga saƙar hannu, wadda ke fitowa a siraran ƙwarya masu tsawo, a jera su a haɗa. Shi ya sa babbar riga da taguwa da 'yar shara kusan duk miƙaƙƙun layuka ne, kuma suna da yalwar da ke yafe kuskure. In ka ƙara inci ɗaya a babbar riga babu wanda zai sani. Jaket kuwa lanƙwasa ce a kan lanƙwasa. Kan hannunsa da gangan ake yin sa ya ɗan fi ramin da zai shiga girma, a lallaɓa shi ya zauna ba tare da ya tattare ba, don ya yi gwaɓin da zai rufe ƙashin kafaɗa. Kwala tana da ta sama da ta ƙasa, kuma ta saman ta ɗan fi girma don ta naɗo. Shafi ya fi rigar yalwa a baya. Waɗannan abubuwa in aka bar wa ido kaɗai, yau a dace gobe a kuskure, kuma duk mun ga kwat ɗin angwaye da kafaɗa ɗaya ke kallon gabas ɗaya na kallon arewa. Da na matsa wa Kawu, sai ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin tebur. Cike take da kwalaye da takardun buhun siminti da ya yanka siffar kwala da aljihu da wuyan kaftani. Ashe yana da fatan, sunan ne kawai bai yarda da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da babu Kawu. Yaran shagonsa suna shekara suna guga da sa maɓalli kafin a bar su su taɓa almakashi, kuma da yawansu kafin lokacin ya yi sun sayi babur sun shiga acaɓa, ko sun koma cajin waya. Abin da ya sani game da bayan manomi da hammatar mai babur yana cikin kansa da yatsunsa. Takarda ita ce hanyar da wannan sani zai tsallake mutum ɗaya ya kai ga ɗari. A Jamus, Aenne Burda ta fara mujallarta ta ɗinki a 1950, bayan shekara biyu ta soma saka faifan fatan a ciki, matan da yaƙi ya bari ba kuɗin sayen kaya suka riƙa ɗinka na yayi a ɗakunansu. Babu wani sihiri a ciki, sanin tela ne aka kwantar a takarda aka rubuta bayaninsa da harshen da matan ke ji. (Ga mai son gwadawa: fatan na cikin mujallar Burda ba ya haɗa da rarar da ake bari don ɗinki, kai za ka ƙara, manyan kamfanonin Amurka kuwa sun riga sun sa santimita ɗaya da rabi. Wanda bai lura da wannan ba zai yi irin kukana.)

Akwai hujja ta biyu da ta fi ta Kawu ƙarfi, ita ce ta kuɗi. In aka haɗa yadin da na ɓata, da na biyu, da akoko, da shafi, da kuɗin mota zuwa Funtuwa, jaket ɗin Baba ya fi na gwanjo tsada nesa ba kusa ba. Ko ba a yi ɓarna ba, da wuya ɗinkin gida ya kayar da dilar da aka kwance a Ƙofar Wambai. Na yarda, kuma ba zan ce wa mai 'ya'ya takwas ya daina sayen gwanjo ba. Abin da zan ce kawai, tsadar gwaji sau ɗaya ake biyanta. Da zarar an gyara takarda ta zauna a jikin mutum, na biyu da na uku yanka ne kawai da ɗinki. Kuma manoman da ke hawa babur da asuba daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Malumfashi, masu irin bayan Baba da irin buƙatarsa ta alwala, ba su ƙirguwa. Kamfanin da ke ƙetare bai san da su ba, ba kuma zai zana musu komai ba.

Wani abin ma har kunya yake ba ni. Wannan yanki namu da auduga aka san shi. Ƙungiyar Turawan Ingila masu neman auduga, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ita ta baza injinan gurza a Arewa, Funtuwa da Malumfashi suna cikin garuruwan da suka samu, ga gonar iri a Daudawa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa yake kwasa. Har masaƙa aka kafa a Funtuwa. Iyayenmu sun noma, an gurza, an ɗaure, an tafi da ita, yau jikokinsu suna rawar ɗari cikin rigar da wani ya gama yayinta a wata ƙasa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, mu kuwa har kuɗi muke biya. Ba ina cewa keken Butterfly ɗaya zai tayar da masaƙun Kaduna ba ne. Amma dabarar tare sanyi da auduga ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lifidin da mayaƙan da ke sa wa dawakai da jikinsu yadi ne biyu aka cusa auduga ko audugar rimi a tsakani aka bi da ɗinki. Da wannan tunanin na shimfiɗa gurzajjiyar auduga sirara a gaban jaket ɗin Baba, daidai ƙirji inda iskar babur ke duka, na bi ta da layukan ɗinki don kada ta dunƙule a wanki. Shafin kuma wani tsohon gwado ne na kakata da gefensa ya cinye amma tsakiyarsa na nan da ƙarfi.

Ga inda abin ya shafe mu a wannan zaure. Da na zauna zan rubuta gyare-gyaren a jikin sabuwar takardar, da Hausa, don in ba wata ƙawata, sai na ga alƙalamina ya tsaya. Na rubuta gajerun labarai fiye da goma, amma na kasa bayyana yadda ake haɗa hannun jaket a jimla biyar da mutum zai bi bai ɓata ba. Yaya zan ce a bi tsawon zaren yadi kada a yanka a karkace? Me ake kiran yalwar da ake bari tsakanin jiki da riga? Wasu kalmomin suna nan, ni ce ban sani ba, sai da na koma na tambayi Kawu: kalmasa, shafi, da wasu da ban taɓa gani a rubuce ba. Wasu kuma babu su, sai mun ƙirƙira mun gwada mu ga ko za su zauna a bakin teloli. A littattafanmu jaruma tana sa leshi daga Dubai, jarumi yana sa shadda mai maiƙo, amma da wuya ka ga wanda ya ɗinka su, balle a ji ƙarar almakashinsa. Muna ta kukan cewa Hausa ba ta da littattafan sana'a, alhali mu ne masu rubutun, kuma shagon tela bai fi taku ɗari daga gidan kowannenmu ba.

Ni dai ban taɓa samun horon rubutu irin wannan ba. In ka yi kwana-kwana a labarin soyayya, mai karatu zai wuce ya yafe maka. In ka yi kwana-kwana a bayanin yanka, wata za ta sa almakashi a yadin da ta tara kuɗinsa wata uku. Sau huɗu ina sake shafi ɗaya, ina ba ƙanwata da ba ta taɓa ɗinki ba ta karanta ta nuna mini da takarda abin da ta fahimta. Duk inda ta ninka ba daidai ba, jimlata ce ke da laifi, sai in koma in gyara.

Baba ya sa jaket ɗin hunturun bara gaba ɗaya, bana ma ya fiddo shi tun farkon Disamba. Hannun hagu yana da 'yar tattara a bayan kafaɗa wadda na farke sau uku ta ƙi tafiya, duk sanda ya juya baya sai idona ya faɗa kanta. Takardar da muka gyara na kwafe ta a kan buhun siminti, tana rataye a ƙusa a shagon Kawu, da rubutuna na Hausa a jikin kowane ɓangare. Makon jiya ya aiko a gaya mini wani yaronsa ya yanka wa wani mai lambu daga Ɗandume da ita, sai dai mutumin yana da tumbi, bayanin nawa kuma bai ce komai a kan tumbi ba. Ya ce in zo ranar Asabar da biro.